Laluben zango a makirufo maras waya: yadda yake aiki, da wanda ke iya jin ku a tarukan Samaru da Sabon Gari

Makirufo maras waya ƙaramar tashar rediyo ce. Wanda ya riƙe shi a kan mumbari, ko a zauren lacca, ko a dandalin gangamin siyasa, watsa shiri yake yi cikin iska kamar yadda tashar ABU FM ke yi daga Samaru a kan 101.1. Bambancin kawai shi ne ƙarfi. Makirufo yakan fitar da miliwat 10 zuwa 50, abin da zai kai muryarsa tazarar mita ɗari ko makamancin haka idan babu abin da ya tare hanya. Akwatin da ke ajiye kusa da miksa, wanda masu kayan sauti ke kira risiba, shi ne rediyon da aka tanada domin kama wannan tasha guda. Idan su biyun ba su haɗu a kan zango ɗaya ba, lasifika ba za ta ce uffan ba. Idan kuma sun haɗu a zangon da wani ya riga su, abin da jama'a za su ji shi ne shuuu, ko yankewar magana, ko muryar wani baƙo daga taron da ke maƙwabtaka.

Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne a ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke cikinta. A ranar Lahadi majami'u da dama kan kunna kayan sautinsu a lokaci ɗaya a layuka masu kusanci da juna. Cikin watan azumi masallatai kan buɗe tafsiri kusan a sa'a guda. Ga zaurukan biki daga PZ zuwa Kwangila, ga ɗakunan taro na Jami'ar Ahmadu Bello, sannan idan kakar zaɓe ta zo a ƙara da motocin kamfe. Duk waɗannan iska ɗaya suke rabawa, kuma maɓallin da aka rubuta wa SCAN a jikin risiba shi ne hanyar da kowa ke neman gurbinsa a cikinta.

Mene ne zango?

Masu sauraron rediyo na da sun saba jin ana cewa a kama tasha a kan mita 49 ko mita 31 a gajeren zango. Waccan mitar tsawon igiyar rediyo ce. A yau an fi ƙirga yawan kaɗawar igiyar cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kaɗawa miliyan ɗaya ita ce megahaz ɗaya. Wannan lamba ce ake nufi da zango a nan. Tashoshin FM suna zaune tsakanin megahaz 87.5 da 108. Sama da su kaɗan, daga 118 zuwa 137, nan ne matuƙa jiragen sama ke magana da hasumiya, ciki har da masu koyon tuƙi a Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama da ke Zariya tun 1964. Makirufo maras waya yana can gaba. Masu araha, musamman tsofaffi, sukan yi aiki a yankin VHF, wajen 174 zuwa 230. Mafi yawan na zamani suna yankin UHF, daga 470 zuwa sama. Akwai kuma wasu ƙanana da masu ɗaukar bidiyo da waya suka fi so, waɗanda ke aiki a gigahaz 2.4, wuri ɗaya da Wi-Fi da Bluetooth. Su da kansu suke tsalle daga gurbi zuwa gurbi, don haka ba su cikin wannan bayani.

Abin lura shi ne yankunan VHF da UHF ɗin nan tun asali na talabijin ne. Makirufo ɗan ci-rani ne a cikinsu, yana raɓawa a guraben da tashoshin talabijin na yankin suka bari. Kowace tashar talabijin a UHF tana cin megahaz 8: tasha ta 21 ta kama daga 470 zuwa 478, haka ake ta hawa har tasha ta 48 da ta ƙare a 694. Makirufo guda kuwa kimanin kilohaz 200 yake buƙata, wato kashi ɗaya cikin arba'in na faɗin tashar talabijin ɗaya. Wuri yana da yawa a lissafi. Matsalar ita ce sanin wane ne babu kowa a cikinsa a wannan unguwa, a wannan sa'a.

Abin da risiba ke yi idan aka danna SCAN

A nan ne aka fi samun kuskuren fahimta. Mutane da yawa sun ɗauka risiba tana neman makirufonsu ne, shi ya sa sukan kunna shi kafin su danna maɓallin. A mafi yawan na'urori akasin haka ake so. Risiba tana bin zangunan da take iya kamawa ɗaya bayan ɗaya, tana auna ƙarfin igiyar rediyon da ta tarar a kowane, sannan ta zaɓi wanda ya fi shiru. Wurin da babu kowa take nema. Idan makirufonka na kunne a lokacin, za ta ɗauke shi a matsayin wani mai katsalandan, ta guje wa zangonsa.

Saboda haka tsarin da kamfanoni irin su Shure da Sennheiser ke bayarwa kusan iri ɗaya ne. A kashe dukkan makirufon da za a yi amfani da su. A kunna duk wani abu da zai kasance a kunne lokacin taro: babban allon bidiyo, kwamfutoci, na'urar watsa taro kai tsaye, rediyon oba-oba na masu tsaro. Sai a yi lalube a risiba ta farko. Idan ta tsaya a kan wata lamba, a kunna makirufonta, a kawo shi dab da ƙaramar tagar da ke gaban risiba, a danna SYNC. Ta wannan taga risiba ke aika lambar zuwa makirufo da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, shi ya sa dole su fuskanci juna kuma su kasance kusa. Daga nan a bar makirufo na farko a kunne, a koma risiba ta biyu a maimaita. Barinsa a kunne shi ke sa risiba ta biyu ta san an riga an kama wancan gurbi.

A wasu na'urori masu araha da ake samu a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, abin juyawa yake: a makirufo ake canza zango, risiba ta biyo shi. Wasu kuma zango ɗaya tak gare su, an rubuta shi a ƙasan akwati ko a cikin gidan batir, babu maganar lalube sam. Wanda ya sayi irin wannan guda biyu masu lamba ɗaya ya sayi makirufo ɗaya ne sau biyu, domin ba za su yi aiki tare a ɗaki guda ba.

Gano zangon makirufon da ba a san lambarsa ba

Akwai yanayin da lallai makirufon ake nema. Mai hayar kayan sauti na iya tarar da makirufo da allonsa ya fashe, ko ɗan jarida ya so ya ɗauki sauti mai tsabta daga makirufon da ke kan teburin manyan baƙi. Hanyar farko ita ce a duba kewayon da aka buga a jikin na'urorin biyu. Sennheiser, alal misali, tana yi wa jerin G3 alama da haruffa: A na nufin 516 zuwa 558, B 626 zuwa 668, C 734 zuwa 776, D 780 zuwa 822, E kuma 823 zuwa 865. Risiba mai harafin A ba za ta taɓa jin makirufo mai harafin C ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su, ko da an kwana ana lalube.

Idan kewayon ya dace, sai a yi lalube sau biyu, ɗaya makirufo na kashe, ɗaya yana kunne. Gurbin da ya kasance fanko a karon farko ya kuma cika a karo na biyu, nan yake. Risiba mai nuna ƙarfin igiya da sanduna ta fi sauƙaƙa wannan, domin ana iya bin zangunan da hannu har sandunan da aka rubuta wa RF su cika.

Sau da yawa sandunan kan cika amma sauti ya ƙi fitowa. Dalili shi ne yawancin makirufo suna aika wata siririyar ƙara da kunnen mutum ba ya ji, wajen kilohaz 32, a matsayin shaidar cewa su ne. Risiba ba ta buɗe ƙofarta sai ta ji wannan shaida, domin kada ta zuba wa jama'a hayaniya idan an kashe makirufo. A wasu na'urori ana iya kashe wannan tsaro. Ko an kashe shi, sautin makirufon wani kamfani a risibar wani kamfani yakan fito a shaƙe ko a kumbure, saboda kowane kamfani da salon da yake matse sauti kafin aikawa ya kuma warware shi bayan karɓa. Za a fahimci magana, amma ba za ta yi daɗin watsawa ba.

Me ya sa zangon da aka gwada da safe yake lalacewa da rana?

Lalube hoto ne na daƙiƙar da aka yi shi. Ba ya san abin da za a kunna bayan awa ɗaya a ginin da ke kallon naka. Wannan shi ne dalili mafi sauƙi, kuma maganinsa a sake lalube dab da fara taro, a kuma tanadi gurbi na biyu a rubuce.

Dalili na biyu ya fi ɓuya. Idan makirufo biyu suna aiki kusa da juna, igiyoyinsu kan gauraya a cikin na'ura su haifar da wasu igiyoyi na bogi a zangunan da babu wanda ya kunna. Lissafin ba shi da wuya: a ninka zangon ɗaya sau biyu, a cire na ɗayan. Makirufo a kan 600.0 da wani a kan 600.4 za su haifar da inuwa a kan 600.8 da kuma 599.6. Wanda ya ga kamar tsari ne mai kyau ya jera makirufo uku a 600.0, 600.4 da 600.8 ya ɗora na ukun daidai kan inuwar biyun farko. Idan makirufo sun kai shida ko takwas, kamar a muhawarar 'yan takara ko wasan kwaikwayo a dandalin Sashen Wasannin Kwaikwayo na jami'a, inuwoyin kan yi yawan da ba a lissafa su da ka. Domin haka ne kamfanoni suka shirya zanguna rukuni-rukuni, kowane rukuni an riga an tace shi yadda guraben cikinsa ba sa taka juna. Ƙa'idar ita ce dukkan makirufon taro su zauna a rukuni ɗaya, kowanne da gurbinsa. Risiba mai kyau tana iya faɗin rukunin da ya fi yawan guraben da ba kowa. Wannan kariya tana raguwa da zarar an haɗa kayan kamfanoni daban-daban, abin da kusan kowane mai haya ke yi.

Na uku shi ne jama'a da gini. Jikin mutum ruwa ne galibinsa, yana kuwa shanye igiyar UHF. Zauren da aka gwada babu kowa ba ɗaya yake da zauren da ya cika maƙil ba. Rufin kwano da ƙarafan rumfa suna mayar da igiya, sai ta iso eriya ta hanyoyi biyu, wani lokaci ɗaya ta kashe ɗaya. A megahaz 600 tsawon igiya rabin mita ne, don haka taku ɗaya na mai jawabi ya isa ya jefa shi cikin ramin da sauti ke ɗaukewa. Eriya biyun da ke bayan risiba maganin wannan ne: idan ɗaya ta rasa, ɗaya ta kama. Amfaninsu yana tafiya a banza idan aka cusa risiba ƙarƙashin tebur ko bayan lasifika. A ɗaga ta sama da kawunan mutane, a ware eriyoyin kamar harafin V, a bar tazarar 'yan mitoci tsakaninta da makirufo mafi kusa. Mai jawabin da ke damƙe ƙasan makirufo da tafin hannunsa kuma ya sani cewa a yawancinsu nan eriyar take.

Batir mai rauni ma yakan kwaikwayi dukkan waɗannan alamu, kuma shi ya kamata a fara zargi.

Yadda aka sake raba iskar

Dalili na huɗu ya fito ne daga teburin gwamnatoci. A 2006, a Janeba, ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya cewa za a bar tsohon tsarin watsa talabijin a koma na dijital, aka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adi. Najeriya ba ta cika wa'adin ba. An fara gwaji a Jos a Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a Disamban shekarar, Kaduna a ƙarshen 2017, Kano kuma a 2021. Ribar komawa dijital ita ce tashoshi da yawa suna shiga gurbin da tasha ɗaya ke ci a da, sai sama ta samu sarari. Tarukan rediyo na duniya na 2007, 2012 da 2015 suka ba wa wayar salula wannan sarari, da farko 790 zuwa 862, daga baya 694 zuwa 790.

Sararin kuɗi ne mai yawa. A 2015 jaridu suka ruwaito cewa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta ba kamfanin MTN wani yanki na zangon 700 a kan naira biliyan 34, cinikin da ya jawo doguwar muhawara kan wace hukuma ce ke da ikon yin sa. A tsarin doka NBC ke kula da zangunan watsa labarai, Hukumar Sadarwa ta NCC ke kula da na kamfanonin waya, sannan Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar kula da zanguna ta ƙasa a ƙarƙashin ministan sadarwa domin rabawa a tsakaninsu. MTN ta kuma sayi Visafone mai riƙe da zango a yankin 800, Glo kuma tana gudanar da 4G a yankin 700.

Ga abin da wannan ke nufi ga mai kayan sauti a Samaru. A tsarin 700, wayoyin hannu suna aikawa tsakanin 703 da 748, turakun kamfani kuma suna amsawa tsakanin 758 da 803. A tsarin 800, turaku suna 791 zuwa 821, wayoyi suna 832 zuwa 862. Duk inda kamfani ya kunna waɗannan, makirufo mai lamba a cikinsu yana gogayya da turken da ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da wayoyin da ke aljihun masu sauraro. Nau'i na biyu shi ne mai yaudara: da safe risiba za ta ce gurbin fes yake, domin wayoyin ba su iso ba. Da ɗalibai ɗari biyar suka zauna suka fara ɗora bidiyo a Facebook da TikTok, sai magana ta fara tsinkewa.

Ƙasashen da suka riga mu sun kori makirufo daga waɗannan wurare da doka. Amurka ta haramta amfani da shi a yankin 700 daga Yunin 2010, ta ƙara da mafi yawan yankin 600 daga Yulin 2020. Ingila ma ta kwashe masu makirufo daga yankin 800, daga baya ta share na 700. Kayan da doka ta hana a can lafiyarsu lau, kuma duk mai sayen na hannu a kasuwar gwanjo ya kamata ya tambayi kansa dalilin arahar makirufo mai babban suna. Kafin a yi ciniki a juya akwatin a karanta lambar. Abin da ya faɗa tsakanin 470 da 694 shi ya fi kwanciyar hankali a yau. Ni a ganina wannan bayani ne da ya kamata hukumomin biyu su riƙa yaɗawa da Hausa, tun da masallatai da majami'u da makarantun da ke sayen waɗannan kaya ba su da injiniyan rediyo.

Kunnen da ba a gayyata ba

Duk abin da aka faɗa game da gano zangon makirufo yana aiki ga kowa, har da wanda ke tsaye a bayan katanga. Makirufo na tsohon tsari, wanda shi ne mafi yawa a hannun masu haya, yana aika murya ne a fili da salon FM, babu kulle. Risiba mai kewayo ɗaya, ko ƙaramar na'urar kama rediyo da ake soka wa kwamfuta, ta isa a saurare shi daga mota a bakin titi. Rufe ƙofar zaure da karɓe wayoyin mahalarta ba ya hana igiya fita ta taga. Taron sirri na jam'iyya, zaman majalisar wakilan ɗalibai, ganawar ƙungiyar ma'aikata kan yajin aiki, ko tattaunawar ɗan jarida da majiyar da ta nemi a sakaya sunanta, duk suna cikin wannan hali matuƙar da irin wannan makirufo ake magana. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirri a gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, sai dai mai sauraron rediyo ba ya barin sawu, don haka da wuya a san an yi, balle a kai ƙara.

Misalin da ya fi shahara bai ma buƙaci ɗan leƙen asiri ba. A ranar 28 ga Afrilu 2010, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe a Birtaniya, Firaminista Gordon Brown ya gama magana da wata dattijuwa a garin Rochdale ya shiga motarsa, makirufon gidan talabijin na Sky News na maƙale a rigarsa, a kunne. A cikin mota ya kira matar mai ƙyamar baƙi. Mota ta tafi, makirufo na ci gaba da aikawa, risibar 'yan jarida na ɗauka. Kafin yamma ya koma gidanta neman gafara, kuma bayan mako guda jam'iyyarsa ta Labour ta rasa rinjaye a zaɓe. Ba wannan kaɗai ya kayar da shi ba, amma shi ne abin da aka fi tunawa daga kamfen ɗin.

Makirufo na dijital masu kulle, irin su ULX-D da QLX-D na Shure da ke amfani da tsarin AES-256, sun toshe wannan ƙofa: mai lalube zai ga akwai igiya a gurbin, amma ba zai ji murya ba. Kullen sai an kunna shi a cikin saitin na'ura, kuma farashinsu ya fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyin ɗalibai. Mafita mai araha ga zaman da ba a so ya fita ita ce makirufo mai waya. Ga wanda aka maƙala wa na riga kuwa, maɓallin MUTE a na'urori da yawa sauti kawai yake tsayarwa, kuma a wasu ana iya hana shi aiki daga saiti ba tare da mai jawabi ya sani ba. Idan an sauka daga mumbari, a kashe ƙaramin akwatin da ke ƙugu gaba ɗaya har allonsa ya mutu, ko a zare batir, ko a cire shi a miƙa wa mai kayan kafin a shiga mota.